Kwanon Balkissa Yana Maƙwabta

Duk wanda ya shiga falon Balkissa a Largo, kusa da birnin Washington, kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa zai kai kan kabad ɗin gilashi da ke jingine da bango. A ciki ta jera kwanukan samira na aurenta, farare masu jan fure, tun daga babban da zai ci tuwon mutanen gida guda har zuwa ɗan ƙaramin da ake zuba yaji. Sai dai jerin yana da giɓi. Na tsakiya ba ya nan, kuma ba ta matso da sauran don su rufe wurin ba. Baƙi masu tsaurin ido sukan tambaye ta ko ɓata ya yi. Amsar da take ba su gajera ce, amma sai ka san labarin kwanon kafin ka gane ta.

A Maraɗi aka haifi Balkissa, gidan mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A lakkwal, wato makarantar boko, ba ta yi nisa ba, amma tun tana ƙarama ta san ƙofar kowane gida a unguwarsu, domin ita ake aika da kwano. Da la'asar uwarta za ta zuba abin da aka dafa, ta rufe, ta ce a kai gidan wance. Kwanon kuwa ba ya dawowa haka nan. Ko gumba ce, ko 'yar kuka, ko goro ɗaya tak, sai an saka wani abu a ciki. Uwarta ba ta taɓa zaunar da ita ta yi mata bayani ba. Sau ɗaya dai ta ga an dawo musu da kwano wankakke ba komai a ciki, ta ga yadda uwar tata ta kife shi, kuma daga ranar ba a sake aikenta wancan gida ba. Yarinya ta ɗauki darasinta ta riƙe.

Mijinta Hamani shi ya fara zuwa Amurka, yana tuƙin tasi a Washington. A ƙarshen shekarar 2004 ta biyo shi, ta sauka cikin wani sanyi da ya sa ta tambaye shi ko laifi ta yi masa ya kawo ta nan. Kayan sawa kaɗan ta ɗauko, amma kwanukan samira kam sai da ta cusa su cikin akwati, Hamani yana ta mita a waya kan nauyin kaya. Gidan da ya kama irin gidajen nan ne da ke manne da juna, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, kana jin tarinsa amma ba ka san sunansa ba. Wannan abu ya tsaya wa Balkissa a rai. Mako guda ta yi tana jiran matan layin su shigo yi mata sannu da zuwa, ko kare bai leƙo ba.

To, Balkissa ba mai zama ta naɗe hannu ba ce. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe, ta zuba a kwanon tsakiya, ta nufi ƙofar da ke hagunta. Wani mutum ya buɗe ƙofa kaɗan da sarƙa a maƙale, ya dubi kwano, ya dube ta, ya ce ya gode amma ba ya saye. Saye! Ta dawo gida ranta kamar ya fita.

"Na gaya miki nan ba Maraɗi ba ce," in ji Hamani.

"Malam, ko ba Maraɗi ba ce ai mutane ne a ciki."

Ta ɗumama tuwon, ta sake fita, ta buga ƙofar dama. Wata mace fara mai ɗan jiki ta buɗe, ta girme ta da kusan shekara goma sha biyar, kanta ɗaure da mayafi. Matar ba ta tambayi komai ba. Ta sa hannu biyu ta karɓi kwanon, ta ce mata wani abu da Larabci wanda Balkissa ta tsinci sunan Allah a ciki. Washegari da yamma sai ga bugun ƙofa, sai ga kwanonta cike da shinkafa da kaza da gauta soyayye, ƙamshi har ƙofar gida. Balkissa ta zauna a ƙasa cikin kicin ta yi kuka, kukan daɗi, don ranar ce ta fara jin cewa za ta iya rayuwa a ƙasar nan.

Matar Bafalasɗiniya ce, ana ce mata Ummu Basil, mijinta kuma Abu Basil, da sunan babban ɗansu da ke can gida Ramallah da iyalinsa. Balkissa ta ce ai wannan irin namu ne, ta mayar da ita Maman Basil. Da Allah ya ba Balkissa 'yarta Hairat, maƙwabciyar ta rama, ta riƙa kiranta Ummu Hairat. Turancin kowacce a cikinsu guragu ne, don haka suka haɗa shi da Larabcin salla da nunin hannu, suka yi harshensu su biyu. Mazajensu in sun ji su suna hira sai su kalli juna su yi dariya, ba mai gane rabin abin da ake faɗa.

Kwanon kuwa ya zama ɗan aike. In ya tafi da ɗanwake ya dawo da ganyen inabi naɗe da shinkafa. In ya tafi da dambu ya dawo da burodi mai man zaitun. Tun da kowane lokaci cike yake zuwa, dole cike yake komawa, saboda haka abin bai taɓa tsayawa ba. Har gefen murfinsa ya ɓantare don yawan zirga-zirga.

A shekarar 2007 aka bugo waya daga Maraɗi cewa uwar Balkissa ta rasu. Lokacin takardunta ba su fito ba, in ta fita ƙasar ba ta da hanyar dawowa wurin mijinta da 'yarta. Ta kwanta a kan kafet tana birgima tana kiran Inna. Maman Basil ce ta shigo, ta shimfiɗa bargo a falo, ta zauna da ita kwanakin zaman makoki, tana dafa wa masu zuwa ta'aziyya shayi da gahawa. A ɗaya daga cikin ranakun ta riƙe hannun Balkissa ta ce mata ita ma ba ta ga gawar mahaifinta ba, wani shingen sojoji ne ya tsare ta a hanya har aka binne shi. Daga ranar Balkissa ta daina ce mata maƙwabciya in tana ba mutanen gida labari a waya, sai dai ta ce yayata. A duk faɗin Amurka ba ta da wata 'yar'uwa sai ita.

Abu Basil mutum ne siriri mai yawan shiru. Kullum da safe zai saka kwat, ya taka zuwa tashar Largo inda jirgin ƙasa ke ƙarewa, ya shiga gari. Aikinsa a ofishin Falasɗinawa ne da ke Washington, yana duba takardun haihuwa da na aure da na gado na mutanensu mazauna Amurka. Hamani, wanda tuƙi ya sa ya san lambar motar kowane ofishin jakadanci a garin, shi ya fara lura cewa motocin ofishin su Abu Basil lambar kowa da kowa gare su. Da ya tambaya, Abu Basil ya yi murmushi ya ce ai su ba ofishin jakadanci ba ne, ofishi ne kawai, domin Amurka ba ta ɗauke su ƙasa ba. Har ma, in ji shi, duk bayan wata shida sai an sa hannu an sabunta musu izinin zama a buɗe. Balkissa, da ta sha zaryar sabunta takardar aiki, ta gane wannan sarai.

"Af! Ashe ƙasa ma tana zaman jiran takarda kamar mu?"

"Kamar ku, Ummu Hairat," in ji shi. "Sai dai mu mun daɗe a layi."

Da takardunta suka fito ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, tana yi musu wanka, tana ba su abinci, tana yi musu faɗa da Hausa in sun ƙi shan magani, su kuma suna ƙaunarta. Labaran duniya ba su dame ta ba sai abin da ya shafi gidan maƙwabta. Takan kunna sashen Hausa na rediyo a wayarta tana shirin aiki, da ta ji an ambaci Falasɗinu sai ta ƙara murya. A farkon 2011 aka bar ofishin ya ɗaga tutarsa a karon farko, Abu Basil ya dawo gida yana tafiya kamar saurayi. A ƙarshen shekarar hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe su a matsayin mamba, nan take Amurka ta dakatar da kuɗin da take ba hukumar. Balkissa ta ce ikon Allah, a karɓi baƙo a gidan wani, kai kuma ka yi fushi a naka gidan?

Ranar da ba za a manta ba a layin ita ce ta ƙarshen Nuwamba 2012. Da safe ta ji a rediyo cewa ƙasashen duniya sun kaɗa ƙuri'a, mafi yawansu sun amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa a Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Nijar a ciki. Ba ta tsaya jin ƙarshen labarin ba. Ta soya fanke, ta cika kwano, ta tsaya a ƙofar Maman Basil ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa irin ta ranar kai amarya. Wata dattijuwa mai suna Constance da ke tsallaken titi ta fito da rigar barci tana tambaya ko gobara ce.

"Barka, Maman Basil! Kun samu ƙasa! Yaushe za a yi bikin?"

Maman Basil ta yi dariya har da hawaye, ta jawo ta ciki. Abu Basil ne ya yi mata bayani a hankali yana ɗaura takalmi. Ya ce an amince su ƙasa ce, amma 'yar kallo, za su zauna a zauren majalisar su yi magana, ba su da ƙuri'a, kuma shingayen da ke kan hanyar garinsu suna nan inda suke. Balkissa ta juya maganar a ranta.

"Wato kun yi sallama, an amsa, an shimfiɗa muku tabarma a zaure, amma ba a ce ku shigo cikin gida ba."

"Haka ne," in ji shi. "Amma kin san shekara nawa muka yi muna sallama ba a amsa ba?"

Wannan tambaya ta zauna mata. Ta tuna mutumin nan mai sarƙa a ƙofa, ta ce a ranta lalle amsa sallama ba ƙaramin abu ba ne. Suka ci fanken tare da shayi, ta makara wurin aiki.

Shekaru suka ci gaba, kuma Balkissa ta lura da wani abu. Duk lokacin da duniya ta ƙara matso wa Falasɗinawa da tabarma, sai fuskar Abu Basil ta yi haske kwana biyu, sannan ta koma ta fi da duhu, domin a nan Washington kowane ci gaba da sakamakonsa yake zuwa: yau a ce za a yanke tallafi, gobe a ce za a duba maganar ofishin. Da suka shiga kotun duniya mai hukunta manyan laifuffuka a 2015, Maman Basil ta ce mata mijinta ya fara shan maganin hawan jini. A 2017 ita Balkissa ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasar Amurka. Maman Basil ce ta raka ta, ta riƙe mata jaka, ta fi kowa tafi a ɗakin.

A watan Satumba na 2018 rediyo ta ce gwamnatin Amurka ta ba da umarnin rufe ofishin Falasɗinawa, saboda maganar kotun nan da kuma zargin sun ƙi zama teburin sulhu. Balkissa ta ji zafin abin, amma ta ɗauke shi irin rashin aikin da ta sani. Sau nawa Hamani ya rabu da kamfani ya kama wani? Ta ce Abu Basil mai ilimi ne, wata biyu ya yi yawa zai samu wani wurin. Da ta taso daga aiki ta yi ɗanwake, ta cika kwano, ta shiga yin jaje.

To, Balkissa tana da zuciya mai kyau, amma bakinta ba shi da linzami, kowa ya san haka, ita ma ta sani. Ta tarar da Maman Basil zaune ta yi tagumi, tausayi ya kama ta, tausayin kuma ya fito mata da faɗa kamar yadda take yi wa tsofaffinta.

"Ni fa na rasa gane kanku, Maman Basil. Kuna zaune lafiya, mijinki yana aikinsa, me ya kai ku kotu? Duk tutocin nan da ake ta ɗagawa, tuta ake ci? Da kun yi shiru da yanzu ba a rufe ba."

Maman Basil ta ɗago ta dube ta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ummu Hairat, ke fasfo biyu gare ki, ƙasa biyu ke amsa sunanki. Ni ɗaya nake nema."

Balkissa ta ajiye kwanon a kan tebur ta fita. Bayan kwana biyu ta dawo daga aiki da rana, ta tarar da kwanonta a bakin ƙofa cikin leda. Ta ɗaga, ta ji shi sakayau. Ta buɗe murfin. An wanke shi tas, an goge, ko ƙwayar shinkafa babu.

Zuciya ta taso mata. Shekara goma sha huɗu! Don magana ɗaya? Ita da ta zauna a gidan matar nan ranar da aka yi mata aikin ido, ita za a mayar wa kwano haka, a ajiye a ƙofa ko sallama babu? Kuma ba za a ce rashin sani ba ne, domin Maman Basil ta san ma'anar abin kamar yadda ita ta sani, su ma haka al'adarsu take. Ta shiga kicin ta kife kwanon a kan teburin girki kamar yadda ta ga uwarta ta yi, ta ja tsaki. Da Hamani ya dawo ya ce ta shiga ta tambaya mana, ta ce Allah ya kiyaye, wanda ya yanke shi zai ɗaura.

Haka aka yi kusan mako uku. In ta ji motsin ƙofar maƙwabta sai ta dakata har a wuce. Ta bango tana jin ana jan kaya, ana buga abubuwa, ta ce ko oho, gyaran gida suke yi. Amma fa ba ta da sukuni. Abinci take dafawa ya yi yawa, don hannunta ya saba da auna har da na kwano, sai ta tsaya tana kallon ragowar tana jin haushin kanta. Kewar matar take yi ƙwarai, girman kai ne kawai ya hana ta faɗa.

Wata Talata da rana Hamani ya dawo cin abinci, ya zauna yana juya cokali bai ci ba.

"Abu Basil ya roƙe ni in kai su filin jirgi jibi."

"Hutu za su?"

"Wane irin hutu, Balkissa? Tafiya ke nan. Zamansu a ƙasar nan rataye yake da ofishin. An rufe ofishi, zama ya ƙare. Ni na ɗauka kin sani, fushi ne ya hana ki magana."

Wallahi ba ta sani ba. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa sa hannun da ake yi can cikin gari zai iya ɗauke mata 'yar'uwa daga bayan bango ba. Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita, ta tura ƙofar maƙwabta ba tare da bugawa ba. Falon ya zama fili, ba kujeru, ba hotuna, sai kwalaye da akwatuna. Maman Basil tana durƙushe tana naɗe kofuna da jarida.

"Haba Maman Basil! Haba! In na yi miki laifi ki zage ni mana, ki ce bakina ya yi yawa, ai gaskiya ne. Amma ki tafi ba ki gaya min ba? Ki mayar min da kwano ba komai kamar wata baƙuwa?"

Maman Basil ta zauna dirshan a ƙasa, ta share ido da bakin mayafi.

"Maganarki ta yi min zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma kafin gari ya waye na manta da ita. Kwanon ba don ita ba ne. Na ɗauko shi zan zuba abinci, sai na tsaya. Na ce in na cika shi, ke ma za ki cika ki dawo da shi, ni ma in cika, to ranar ƙarshe a hannun wa zai tsaya? In a hannuna ne, na tafi da kayan aurenki. In a hannunki ne, na bar ki da kwano cike da niyya ba ƙofar da za ki buga. Na ce gara in mayar miki da abinki tun da wuri, ki samu sauƙi. Zuwa in gaya miki kuma na kasa. Sau nawa na zo ƙofarki na juya."

Balkissa ta zauna kusa da ita a kan kafet, suka yi kukansu mai isarsu. Da suka natsa ta tambaye ta ko za su dawo. Maman Basil ta ce Allah kaɗai ya sani, watakila in an sake gwamnati a buɗe ofishin, watakila kuma ba da ransu ba. Balkissa ta ce ta janye maganar tuta. Maman Basil ta ce a'a, kar ta janye duka, ita ma wani lokaci takan tambayi kanta haka, sai dai ba ta san wata hanyar da mutum zai bi a amsa masa sallama ba in bai ɗaga murya ba.

Washegari Balkissa ta buga waya wurin aiki ta ce ba za ta zo ba. Tun safe ta kwaɓa alkama, ta zauna murza alkaki da hannu, abin da rabonta da yi tun bikin ƙanwarta a Maraɗi. Ta zaɓe shi ne don yana daɗewa bai lalace ba. Ta soya, ta tsoma a zuma, ta bar shi ya sha iska. Hamani ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya ta buge hannun. Ta ɗauko kwanon daga inda ta kife shi, ta jera alkakin har ya taɓo murfi, ta ɗaure da sabon ɗankwali.

Ranar Alhamis da hantsi Hamani ya gama loda akwatuna a mota. Abu Basil ya kulle ƙofa, ya tsaya yana kallon makullin a tafin hannunsa. Sai ga Balkissa ta fito rungume da ƙunshi, ta ɗora wa Maman Basil a hannu. Matar ta taɓa ta ji ko mene ne, ta girgiza kai.

"A'a, Ummu Hairat. Ki juye min a leda. Kin san ba ni da yadda zan dawo miki da shi."

"Wannan kuma matsalarki ce."

"Kaya sun cika, an auna."

"Ki riƙe a cinya. Ki ji ni da kyau, Maman Basil, ba kyauta na ba ki ba. Kwanona ne, na aurena, Innata ce ta saya min. Ina jiran abina. Kuma kar ki kuskura ki sake dawo min da shi ba komai a ciki."

Maman Basil ta dubi mijinta, shi kuma ya kau da kai yana goge tabarau. Sai ta rungume kwanon a ƙirji ta shiga mota. Balkissa ba ta bi su filin jirgi ba, ta ce ba za ta iya ba. Ta taka dai tana bin motar a hankali har bakin layi, kamar yadda ake raka baƙo, ta tsaya a nan har suka sha kwana.

Bayan wata biyu wasu ma'aurata suka shiga gidan, mutanen kirki, suna ɗaga mata hannu in an haɗu. Ta kai musu abinci sau ɗaya a faranti, suka dawo da shi wankakke da katin godiya, ba ta ji haushi ba, ta san ba su sani ba. Har yau tana kunna rediyo da safe, in an ambaci wata ƙasa ta amince da Falasɗinu ko wata ta ƙi, takan tsaya da abin da take yi ta saurara, amma ta daina guɗa, ta kuma daina tsaki. Ranar Juma'a sukan yi waya da Ramallah. Wani lokaci Maman Basil takan juya wayar ta nuna mata kwanon a kan teburin kicin ɗinta, a wanke, murfinsa a gefe, ta ce tana nan tana tunanin abin da za ta zuba.

Da Hamani zai je gida a shekarar da ta biyo baya, ya tsaya gaban kabad ɗin ya ce zai duba kasuwar Maraɗi, ba za a rasa irinsa ba, a cike wurin. Balkissa tana ninke masa kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ba shi amsar da take ba duk mai tambaya.

"Malam, wa ya ce maka ya ɓata? Kwanona yana maƙwabta."